"Shiga" guda ce a Hausa, me ya kawo "come in", "get in", "break into" da sauransu a Turanci?

Ɗalibar Harshe ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Mu a Hausa in an ce "shiga" ko "shigo" magana ta ƙare. Ƙamus kuma yana cewa fassarar "shiga" ita ce "enter". Amma in mutum ya kasa kunne ga hirar Turawa ta yau da kullum, da wuya ya ji "enter" ɗin. Sai dai "come in", "go in", "get in", "walk in", "pop in", wani lokacin kuma "into" ta maye gurbin "in".

Tambayoyina uku ne. Yaushe ake cewa "in", yaushe ake cewa "into"? Me ya sa ake cewa "get in the car" amma "get on the bus", alhali duk shiga mota ce? Sannan me ya sa "let him in" daidai ne, "let in him" kuma kuskure? Ƙa'idar da zan riƙe nake nema, ba hadda ba. Allah Ya ƙara basira.

Malam Mai Nahawu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Duk da kin raba tambayar uku, saiwarta ɗaya ce. Hausa da Turanci ba iri ɗaya suke raba wa kalmomi aiki ba. A Hausa aikatau (kalmar da ke nuna aiki) ne ke ɗauke da alƙibla: shiga, fita, hau, sauka. In muna son faɗin yadda aka yi shigar, sai mu ƙara daga baya: ya shiga da gudu, ta shigo a fusace, sun shiga da sanɗa. Turanci juya abin yake yi. Aikatau ya ɗauki yanayin tafiyar, alƙiblar kuma a ɗora wa wata 'yar ƙaramar kalma da ke biye da shi: "he ran in", "she stormed in", "they crept in". Wannan haɗi na aikatau da 'yar rakiyarsa shi Turawa ke kira "phrasal verb". Masanin harshe Leonard Talmy ya bayyana wannan bambanci a 1985, inda ya nuna cewa harsuna irin su Faransanci da Sifaniyanci suna cusa alƙibla cikin aikatau, Turanci da Jamusanci kuwa suna fito da ita waje.

Ita "enter" aro ce daga Faransanci, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwararo Turanci bayan da mutanen Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066. Shi ya sa ta yi kama da "shiga" tamu, shi ya sa ma mai tunani da Hausa yake saurin kama ta. Ma'anar "ciki" tana ƙunshe a jikinta, don haka "enter the room" ake cewa, ba "enter into the room" ba, ba kuma "enter inside" ba. Inda ake jin "enter into" shi ne maganar yarjejeniya ko tattaunawa: "enter into an agreement". Muhallinta rubutun hukuma ne, da allunan gargaɗi irin "Do not enter", da shigar da lambar sirri a kwamfuta, da shiga gasa. A bakin abokai biyu kuwa ƙamshin takardar ofis take yi.

To, bari mu ɗauki mai sauƙin. "Come in" da "go in" su ne "shigo" da "shiga", babu ragi babu ƙari. Wannan wasalin "o" da muke ƙarawa a ƙarshen aikatau don nuna cewa abu ya nufo inda muke, shi ne aikin da "come" ke yi. Wanda yake cikin ɗaki zai ce "come in", wanda yake waje tare da ke zai ce "go in". Kuma kamar yadda mai ƙwanƙwasa ƙofa yake cewa "in shigo?" ba "in shiga?" ba, haka Bature ke cewa "Can I come in?", saboda ya ɗauki matsayin wanda yake ciki. Haka ma "bring it in" shi ne "shigo da shi", "take it in" kuma "shiga da shi". Duk wanda Hausa ta zauna masa a baki bai kamata wannan ya ba shi wahala ba.

Batun "in" da "into" kuwa, ki tambayi kanki abu ɗaya: na ambaci wurin da aka shiga, ko ban ambata ba? In ba ki ambata ba, "in" ce, kuma ita ke rufe maganar: "She walked in." In kin ambata, "into" ce: "She walked into the office." Ba a barin "into" a tsaye ita kaɗai babu wurin da take nuni gare shi, don haka "Please come into" jimla ce da aka yanke wa wutsiya.

Abin da ke lalacewa in aka sa "in" a gaban sunan wuri shi ne ma'anar kan koma zama a ciki maimakon shiga. "He walked in the garden" na nufin yana cikin lambun yana ta zagayawa. "He walked into the garden" na nufin daga waje yake, ya shiga. Sai dai akwai wasu aikatau da a jikinsu ma an san motsi ne zuwa ciki, irin "put", "throw", "jump", "fall" da "get". Da su ana cewa "put it in the box" ko "jump in the water" babu mai ruɗewa, kuma a hira hakan ma ya fi yawa. In kin ambaci wurin da aka shiga kuma kina shakka a rubutu, ki sa "into", ba za ki yi kuskure ba.

Kunne ma yana taimakawa. In "in" ce ke rufe jimla, a kanta ake danna murya. In "into" ce, a guje ake wuce ta, a danna muryar kan sunan wurin.

Malama Tafinta ta rubuta:

Malam ya share fage, Allah Ya saka. Ni zan ɗauki "get", domin ita ce ta fi kowace wahalar da masu koyo.

"Get in" ba shiga ce kawai ba, akwai ma'anar samun hanyar shiga, sau da yawa bayan wani cikas. "I couldn't get in" na nufin ƙofa a kulle take, ko makulli ya ɓata, ko mai gadi ya hana. "How did the cat get in?" tambaya ce ta wanda ya san ya rufe ko'ina. Daga nan ne ma'anar ta miƙe zuwa samun gurbin karatu, "she got into university", da cin zaɓe, "they got in again". Akwai kuma ta isowa: "The train gets in at 6" wato jirgin ƙasa zai iso da ƙarfe 6, "What time did you get in last night?" wato yaushe ka dawo gida jiya da dare.

Abin hawa kuwa, ƙa'idar da aka saba koyarwa ita ce: wanda za ka iya miƙewa tsaye ka yi tafiya a cikinsa "get on" ne, wato bas, jirgin ƙasa, jirgin sama, babban jirgin ruwa. Wanda za ka sunkuya ka shiga ka zauna "get in" ne, wato ƙaramar mota da tasi. Wanda ake hawa a bisa, keke, babur, doki, shi ma "get on". Sauka tana bin sawun shiga: abin da aka yi wa "get on" ana yi masa "get off", wanda aka yi wa "get in" ana yi masa "get out of". Kuskuren da ake yawan yi shi ne fassara "hau" kai tsaye a ce "climb the bike", ko a ce "enter the bus". Za a gane abin da ake nufi, amma ba haka masu harshen ke faɗa ba.

Yanzu ga inda daɗin abin yake. Tunda alƙibla tana kan "in", aikatau ya sami sarari ya zana hoton mai shigar. Duk abin da mu muke faɗa da ƙarin bayani, su kalma guda suke zaɓa. Wanda ya banko ƙofa ya afko, "burst in". Wanda ya faɗo babu sallama kuma babu kunya, "barge in", kuma akwai zargi a cikinta, ba a faɗa wa wanda ake girmamawa. Wanda ya saɗaɗa don kada a gan shi, "sneak in", wanda ya sulale ya sami wuri ba tare da ya tayar da hankalin kowa ba, kamar mai makara a taro, "slip in". Bambancin biyun nan yana da muhimmanci: a "sneak" akwai alamar rashin gaskiya, a "slip" babu dole. Wanda ya shigo ba da wata manufa ba, "wander in". Wanda ya matsa ya kutsa cikin cunkoso, "squeeze in". In jama'a ce, sai a aro hoton ruwa: "pour in" da "flood in" ga masu tururuwa, "trickle in" ga masu zuwa jefi-jefi. Masu shiga a layi ɗaya bayan ɗaya kuwa "file in".

Ziyarar da ba a shirya ba tana da nata. "Drop in" shi ne biyowa, "pop in" shi ne leƙowa na ɗan lokaci, kuma ta fi yawa a bakin mutanen Ingila. A kula da abin da ke biye: mutum "on" yake ɗauka, wuri kuma "at". "Drop in on my aunt", amma "drop in at the library". "Look in on" kuwa dubiya ce, leƙa mara lafiya ko tsoho ko yaro mai barci a ga halin da yake ciki.

Wannan "on" ɗin tana da wani aiki da ya kamata a yi hattara da shi. "Walk in on someone" ba shiga wurin mutum ce kawai ba, riskarsa ce yana cikin abin da ba ya son a gani, kamar yana canza kaya. Kada a yi amfani da ita a maimakon ziyara.

Wani tarkon kuma: "into" tana nufin karo idan abin da ke gabanta ba shi da ciki. "He walked into the door" ba ta ƙofa ya shigo ba, karo ya ci da ita. "She drove into a wall" haɗari ne. In ana son cewa ta ƙofa ko ta taga aka shigo, sai a ce "came in through the door", "climbed in through the window".

Ɗan'uwa Mai Gyaran Rubutu ya rubuta:

Malama, a yi mini afuwa, zan ɗan sa baki kan ƙa'idar tsayuwa. Tana aiki a mafi yawan lokuta, amma kada ɗaliba ta ɗauke ta kamar doka. Na'urar da ke hawa da mutane bene a tsaye ake cikinta, amma "get in the lift" ake cewa. Kwalekwale "get in" ne duk da babban jirgin ruwa "get on" ne. A ganina ya fi amfani a riƙe cewa "in" ta ƙaramin wuri ce da ya kewaye mutum, "on" kuma ta abin da yake da faɗin daɓe kamar dandamali, ko wanda ake zama a bayansa.

Tambaya ta uku ba a taɓa ta ba tukuna. Waɗannan haɗe-haɗe iri biyu ne idan suna da karɓau, wato mutum ko abin da aikin ya faɗa wa. Akwai waɗanda wani ne ake shigarwa: "let in", "bring in", "send in", "show in", "hand in", "plug in", "fill in". A nan "in" tana iya matsawa. In karɓau suna ne, gaba da baya duk daidai: "let the dog in" ko "let in the dog", "hand in your essay" ko "hand your essay in". In wakilin suna ne, wato "him", "her", "it", "them", "me", "us", dole ya zauna a tsakiya: "let him in", "plug it in", "hand them in". Dalilin shi ne ƙarshen jimlar Turanci wurin sabon labari ne da nauyin murya, wakilin suna kuwa abu ne da aka riga aka sani, ba shi da nauyin da zai rufe magana. Wannan dalilin ne kuma ya sa in karɓau ya yi tsawo ake tura shi ƙarshe. "Let in everyone who has a ticket" ta fi "let everyone who has a ticket in" daɗin ji nesa ba kusa ba, don a ta biyun kafin a kai ga "in" an manta da aikatau ɗin.

Iri na biyu su ne masu "into". Ita ba ta matsawa ko kaɗan, karɓau kullum a bayanta yake ko da wakilin suna ne: "look into it", "ran into him", "broke into it". Babu "look it into". Kuma in aka juya jimlar aka ɓoye mai aikin, "into" tana nan daram a ƙarshe: "The house was broken into", "The matter is being looked into". Masu koyo sukan ji kamar jimlar ba ta cika ba sai su yar da ita su ce "The house was broken", wanda ke nufin gidan ne ya lalace, ba ɓarayi suka fasa ba.

Sai rubutu, inda kurakurai uku ke maimaituwa. Na farko, alamar lokaci kan aikatau take sauka, ba kan 'yar rakiya ba: "logged in", "checked in", "broke in". Na biyu, aikatau kalma biyu ne a rabe, in ya koma suna sai a haɗe ko a sa karan ɗori: "log in" amma "your login", "check in" amma "the check-in desk", "break in" amma "a break-in". Jam'insu a ƙarshe yake, "break-ins". Na uku shi ne ya fi ɓarna: "in to" a rabe ba "into" ba ce. A "She came in to rest", "in" ta aikatau ce, "to" kuma tana nuna dalili, wato ta shigo don ta huta. "He turned himself in to the police" na nufin ya miƙa kansa ga 'yan sanda. In aka haɗe su, an faɗa kan "turn into" mai ma'anar rikiɗa, jimlar ta koma cewa ya mayar da kansa 'yan sanda. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗan dakata bayan "in". In abin da aka faɗa ya tsaya da ƙafarsa, "she came in", "he turned himself in", to a rabe ake rubutawa.

Ɗalibar Harshe ta rubuta:

Na gode ƙwarai, malamai, kaina ya waye. Saura ɗaya. Ina cin karo da wasu da ba na ganin shiga a cikinsu sam, kamar "sink in", "set in", "kick in", "take in". Su ma dangin waɗannan ne, ko haddace su kawai ake yi?

Malam Mai Nahawu ya rubuta:

Danginsu ne, 'yar'uwa, kuma Hausa ma tana yin irin wannan. Muna cewa magana ta shige shi, sanyi ya shigo, ya shiga uku, ta shiga tsakani. Abin da ake shiga ne ya tashi daga ɗaki ya koma wani abu daban, kuma in kin gane mene ne "ɗakin", ma'anar takan fito da kanta.

Wani lokaci ɗakin zuciya ce ko ƙwaƙwalwa. "Sink in" ana faɗarta ga labarin da aka ji amma bai ratsa jiki ba tukuna, kamar rasuwa ko babbar nasara: "It hasn't sunk in yet." Labarin ne ke yin aikin, ba mutumin ba, don haka ba a cewa "I sank it in". In mutumin ne ke ƙoƙarin fahimta, "take in" ce: "There was too much to take in."

Wani lokaci ɗakin shi ne halin da ake ciki. "Set in" ta abin da ya kankama ne kuma da alama zai daɗe, galibi mara daɗi: ruwan sama, hunturu, ruɓa, ciwon da ya kama rauni. Ba a cewa farin ciki ya yi "set in" sai da wata manufa ta daban. "Kick in" kuwa ta abin da ya fara aiki ne a wani lokaci sananne, kamar maganin ciwon kai bayan an sha, ko injin wuta da ya tashi da kansa, ko sabuwar doka.

Wani lokaci kuma ɗakin jama'a ce ko zancensu. "Join in" shiga cikin abin da ake yi, "fit in" samun karɓuwa, "blend in" sajewa har ba a bambanta ka, "settle in" sabawa da sabon wuri. Wannan ta ƙarshen tana biyo bayan "move in", wato tarewa: "move into a flat" in an ambaci gidan, "move in with someone" in an ambaci wanda za a zauna da shi. A zance kuwa akwai matakai na ladabi. "Step in" shiga tsakani ne don a gyara, abin yabo ne. "Cut in" katse mutum ne yana magana, ko shan gaban wani a hanya da mota. "Butt in" katsalandan ne tsagwaronsa, kuma kalmar da kanta tana da kaushi.

Da "into" kuma ake shiga matsala, ɗabi'a ko bayani: "get into trouble", "get into the habit of", "go into detail". "Come into money" gado ne ya faɗo wa mutum, "come into force" doka ce ta fara aiki. "Talk someone into" shi ne lallashin mutum har ya yarda, kuma aikatau da ke biye yana ɗaukar "ing": "She talked me into going." "Run into" da "bump into" kiciɓis ne da wanda ba a yi zaton gani ba, kuma daga ma'anar karo da Malama ta ambata suka samo asali.

"Take in" ita ce ta fi kowace rassa, don haka a dubi karɓau ɗinta kafin a fassara. In bayani ne, fahimta. In mutum ne mara wurin kwana, ba shi masauki. In riga ce ko wando, rage faɗinsa wurin tela. In kuma an ce "I was taken in", yaudara ce, an rufe mutum ya yarda da ƙarya. Haka "break in": ba tare da karɓau ba fasa gida ne ko katse zance, amma "break in new shoes" sa sabon takalmi ne a hankali har ya saki ya daina cizo.

Malama Tafinta ta rubuta:

Gyaran ɗan'uwa kan ƙa'idar tsayuwa ya yi daidai, na karɓa. Ƙari biyu kan bambancin ƙasa, don kada ɗaliba ta ga ɗaya ta zaci kuskure ne. Cike fom a Ingila an fi cewa "fill in", a Amurka "fill out", duk abu ɗaya ake nufi. Miƙa aikin makaranta kuma "hand in" ne a ko'ina, amma Amurkawa suna yawan cewa "turn in".

Sannan ga mai tarbar baƙo: "Come in" kaɗai, in ba a tausasa murya ba, tana iya fita kamar umarni. "Come on in" ita ce mai fara'a, "Do come in" kuma mai girmamawa, ta dace da babba ko baƙon da ba a saba da shi ba. In kina waje tare da shi kina son ya riga ki shiga, "Go on in" za ki ce, ko "After you" in kina riƙe masa ƙofa.